Kwalejin da Kowa Ya San Kowa: Kuɗi da Zamantakewa a Ƙananan Kwalejojin Amurka

A tsarin ilimin Amurka akwai wani rukunin makarantun gaba da sakandare da ba a cika jin sunansu a wajen ƙasar ba, ko da yake wasunsu sun girmi jami'o'i da yawa da suka yi suna a duniya. Ƙananan kwalejoji ne masu ba da digirin farko, yawan ɗalibansu bai cika wuce dubu biyu zuwa dubu uku ba, kuma kusan kowane ɗalibi yana kwana a harabar makaranta tsawon shekara huɗu. Ana iya kiran su kwalejojin faɗaɗɗen ilimi, domin ɗalibi ba ya shiga da sunan zai karanta likitanci ko shari'a tun ranar farko. Yana fara ɗanɗana lissafi da tarihi da kimiyyar halittu da falsafa da harsuna, sai wajen ƙarshen shekara ta biyu ya zaɓi fannin da zai zurfafa a ciki. Daga cikin fitattunsu akwai Williams, da aka kafa a 1793 a jihar Massachusetts, da Bowdoin ta 1794 a Maine, da Amherst ta 1821, da Grinnell ta 1846 a Iowa, da Swarthmore ta 1864 kusa da birnin Philadelphia, da Pomona ta 1887 a Kalifoniya.

Asalin sunan wannan karatu a Turanci daga Latin yake, kuma ma'anarsa ilmomin da suka dace da ɗa, wato wanda ba bawa ba. Malaman Turai na zamanin da sun ƙidaya su bakwai: nahawu da manɗiƙi da balaga, sannan lissafi da handasa da kiɗa da ilimin taurari. Duk wanda ya taɓa zaman karatun zaure zai gane ukun farko, zai kuma gane salon koyarwar, inda malami ke zama da almajirai kaɗan ana bin littafi layi-layi ana tambaya ana amsawa. Sai dai sunan ya ɗauko wani abu tun daga tushe. Karatu ne da aka tsara wa mutumin da neman abinci bai matsa masa ba, mai sararin zama ya yi nazari. Shi ya sa maganar wadata ta manne wa waɗannan kwalejoji har yau, kuma duk iyalin da ke shawarar tura ɗa ko 'ya can ba zai kauce mata ba.

Abin da ke jawo mutane shi ne kusancin malami da ɗalibi. A manyan jami'o'i ɗan shekarar farko yakan zauna cikin ɗari uku a ɗakin lacca, kuma ɗaliban digiri na uku ne ke duba takardunsa. A ƙaramar kwaleji farfesa da kansa ke shiga aji mai mutum goma sha biyar ko ashirin, ya san sunan kowa, ya lura da wanda bai zo ba. A Williams da Amherst malami ɗaya yana daidai da ɗalibai kusan bakwai. Williams ma tana da wani tsari da ta aro daga Oxford ta Ingila, inda ɗalibai biyu kacal ke zama da farfesa kowane mako: ɗaya ya karanto maƙalar da ya rubuta, ɗayan ya yi mata suka, mako mai zuwa su yi musanya. Tun da babu ɗaliban babban digiri, 'yan digirin farko ne ke taya malamai aikin ɗakin gwaji. Thomas Cech, wanda ya sami lambar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 1989, tsohon ɗalibin Grinnell ne, kuma Jennifer Doudna, wadda ta sami irin wannan lamba a 2020, a Pomona ta yi digirinta na farko. Kofi Annan ya kammala Macalester a 1961, Hillary Clinton ta kammala Wellesley a 1969, Barack Obama kuwa ya yi shekara biyu a Occidental kafin ya koma Columbia.

Arzikin makaranta

Akwai arziki iri biyu da ya kamata mai zaɓe ya raba a zuciyarsa, domin yawan rikicewar iyaye daga haɗa su take fitowa. Na farko shi ne dukiyar ita kanta kwalejin, na biyu kuma dukiyar gidajen da ɗalibanta suka fito. Na farkon alheri ne ga ɗan talaka. Na biyun shi ne ke buƙatar dogon tunani.

Kuɗin da manyan waɗannan kwalejoji ke rubutawa a takarda, idan an haɗa na karatu da masauki da abinci da littattafai, ya haura dala 80,000 a shekara, wasu ma sun kai 90,000. Wannan adadi ya fi abin da matsakaicin gida a Amurka ke samu a shekara ɗaya ko ya yi daidai da shi. Amma masu hali ne kawai ke biyan sa cif. Kowace kwaleji mai ƙarfi tana da asusu irin na waƙafi, wanda tsofaffin ɗalibai da attajirai suka tara cikin shekaru aru-aru. Ana juya uwar kuɗin a kasuwannin hannun jari, ana cire kimanin kashi 4 zuwa 5 cikin 100 duk shekara don gudanar da makaranta. Asusun Williams da na Amherst kowannensu ya haura dala biliyan 3, ga ɗalibai kusan dubu biyu, wato fiye da dala miliyan ɗaya da rabi a kan kowane ɗalibi. Grinnell, wadda ke wani ƙaramin gari a tsakiyar gonakin masara, asusunta ya haura biliyan 2. Daga nan ake biyan tallafin karatu, kuma dalilin ke nan da ya sa kwalejin da ta fi tsada a takarda takan zama mafi arha ga ɗan gidan da ba shi da hali.

Ana gane ƙarfin tallafin kwaleji ta hanyar tambayoyi uku. Shin tana duba aljihun iyaye kafin ta ba da gurbi, ko tana rufe ido ga wannan ta duba cancanta kawai? Idan ta ɗauki ɗalibi, tana cike duk gibin da ke tsakanin kuɗin makaranta da abin da gidansa zai iya biya, ko tana barin sa ya nemo sauran? Sannan abin da take bayarwa kyauta ne, ko akwai bashi a ciki? Davidson da ke North Carolina ta cire bashi daga tallafinta a 2007, Amherst ta bi sahu ba da jimawa ba, Grinnell ta yi haka daga 2021. A 2022 Williams ta ƙara gaba, ta cire bashi ta kuma cire sharaɗin cewa sai ɗalibi ya yi aiki a makaranta ya biya wani kaso. Kwalejojin da za su amsa duka ukun da kyau 'yan kaɗan ne ƙwarai, kuma su ne suka fi wuyar shiga. Wasunsu ba sa ɗaukar ko ɗaya cikin goma na masu nema.

Ɗaruruwan sauran kwalejojin ba su da irin wannan asusu, kuɗin ɗalibai ne ke riƙe da su. Dabararsu ita ce su rubuta farashi mai yawa sannan su yi rangwame da sunan kyautar hazaƙa, kuma a 'yan shekarun nan matsakaicin rangwamen da makarantu masu zaman kansu ke yi wa sababbin ɗalibai ya haura rabin kuɗin karatu. Irin wannan kyauta takan tafi ga ɗan mai matsakaicin hali da ake son janyowa, domin abin da zai biya bayan rangwame ya fi abin da ɗan talaka zai iya kawowa. Akwai kuma haɗarin da ba a cika faɗa wa iyaye ba. Green Mountain ta rufe a 2019, Marlboro a 2020, Wells da Birmingham-Southern a 2024, Mills kuma ta narke cikin jami'ar Northeastern a 2022. Sweet Briar ta sanar da rufewa a 2015, sai tsofaffin ɗalibanta mata suka tashi tsaye da kuɗi da shari'a suka ceto ta. Lafiyar asusun ƙaramar kwaleji abu ne da ya cancanci bincike kafin a miƙa mata shekara huɗu na rayuwar yaro.

Arzikin ɗalibai

A farkon 2017 masanin tattalin arziki Raj Chetty da abokan aikinsa suka fitar da sakamakon wani bincike da ya haɗa bayanan haraji na miliyoyin iyaye da makarantun da 'ya'yansu suka shiga. Jaridar New York Times ta baje alƙaluman, kuma abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne cewa a makarantu 38, ɗaliban da suka fito daga kashi 1 cikin 100 na gidajen da suka fi samu sun fi yawan waɗanda suka fito daga kashi 60 na ƙasa gaba ɗaya. Gidajen rukunin farko suna samun sama da dala 630,000 a shekara, na biyun kuwa ƙasa da 65,000. Ƙananan kwalejoji ne suka cika saman jerin. A Colorado College kusan kashi 24 na ɗalibai daga wancan ƙololuwar suka fito, kimanin kashi 10 kuma daga kashi 60 na ƙasa. A Trinity da ke Connecticut kashi 26 ne da 14. Middlebury da Colby da Colgate da Kenyon da Washington and Lee duk suna ciki. Alƙaluman na ɗaliban da suka gama wajen 2013 ne, kuma wasu daga cikin makarantun sun yi gyara tun daga lokacin, amma hoton da suka nuna bai goge ba.

Wannan cunkoso na 'ya'yan masu hali yana da hanyoyin da yake bi. Ta farko ita ce neman gurbi da wuri: ɗalibi ya miƙa takardunsa a watan Nuwamba ga kwaleji ɗaya tak, da alƙawarin cewa idan ta ɗauke shi ba zai je ko'ina ba. Kwalejoji da yawa suna cike kusan rabin ajinsu ta wannan ƙofa, wasu fiye da haka. Wanda mahaifinsa zai biya ko nawa ne yana iya ɗaure kansa hankali kwance, amma wanda yake buƙatar ya jera takardun tallafi na makarantu huɗu ya ga wadda ta fi sauƙi, ƙofar ta yi masa ƙunci. Ta biyu ita ce fifikon da ake bai wa 'ya'yan tsofaffin ɗalibai. Ta uku, wadda ta fi nauyi a ƙaramar kwaleji, ita ce wasanni. Makaranta mai ɗalibai dubu biyu takan riƙe ƙungiyoyin wasa kusan talatin, don haka kimanin kashi ɗaya cikin uku na ɗaliban Williams ko Amherst 'yan wasan makaranta ne, kuma masu horarwa suna da baki wajen ɗaukar wasunsu. Wasannin kuwa sun haɗa da tseren kwale-kwale da gudun kan ƙanƙara da golf da tanis da irinsu, waɗanda yaro ba ya ƙwarewa a cikinsu sai iyayensa sun kashe kuɗi masu yawa tun yana ƙarami. Wani bincike da Chetty da abokansa suka fitar a 2023 a kan manyan jami'o'i masu zaman kansu ya nuna cewa ko da sakamakon jarrabawa ɗaya ne, ɗan kashi 1 na sama ya fi ɗan matsakaicin gida samun gurbi, kuma dalilan da suka gano su ne gado da wasanni da yadda ake auna abubuwan da ɗalibi ya yi a wajen aji.

Amherst ta soke fifikon gado a 2021, abin da ya cancanci yabo. Sai dai a Yunin 2023 Kotun Ƙolin Amurka ta haramta duba launin fata wajen ba da gurbi, kuma a ajin farko da Amherst ta ɗauka bayan hukuncin, baƙaƙen fata sun sauko daga kashi 11 zuwa kashi 3. Wannan ya nuna yadda haɗuwar ɗaliban ƙaramar kwaleji ke iya sauyawa cikin shekara ɗaya, don haka tsofaffin alƙaluma ba su isa hujja ba.

Dalilin da ya sa duk wannan ya fi ciwo a ƙaramar kwaleji shi ne babu wurin ɓuya. A jami'a mai ɗalibai dubu arba'in ɗan talaka zai sami dubban irinsa, ya yi rayuwarsa ba tare da ya haɗu da ɗan attajiri ba. A kwaleji mai dubu biyu kuwa ɗaki ɗaya za a ba su, tebur ɗaya za su ci abinci. Bambancin yana fitowa ne a ƙananan abubuwa. Sanyi ya shigo a watan Nuwamba, ɗaya ya ciro rigar Canada Goose ta dala dubu daga akwati, ɗayan yana lissafin sa'o'i nawa zai yi a ɗakin karatu yana jera littattafai kafin ya sayi takalmin dusar ƙanƙara. Abokai su ce a je cin abinci a gari, a ƙarshe a raba kuɗi daidai, wanda ya sha miya kawai ya biya daidai da wanda ya ci nama. Hutun watan Maris ya zo, ana hirar wace gaɓar teku za a je, wani kuma tunaninsa ko ɗakin cin abinci zai kasance a buɗe. Mafi tsanani shi ne dogon hutu, lokacin da ɗan mai hali zai yi wata uku yana koyon aiki ba albashi a Washinton ko Niyok da kuɗin hayar da iyayensa suka biya, ya fito da sanayya da takardar shaida, ɗayan kuma ya koma gida ya nemi aikin da zai kawo kuɗi.

Duk da haka ƙauye yana da nasa adalcin. A gari irin Williamstown ko Grinnell ko Middlebury babu inda za a kashe kuɗi sosai, kuma kusan kowa a ɗakin cin abinci ɗaya yake ci. Swarthmore ta tsara harabarta yadda ɗalibi ba ya ciro kuɗi don kallon wasa ko buga takardu ko wanki, komai yana cikin kuɗin makaranta. Kwalejin da ke tsakiyar babban birni, kamar Barnard a Niyok, tana ba da damar aiki da nishaɗi da ƙauye ba shi da su, amma a can ne aljihu ke saurin raba abokai.

Masanin zamantakewa Anthony Abraham Jack, wanda ya tashi a gidan marasa ƙarfi a Miami ya kuma yi karatu a Amherst, ya fitar da littafi a 2019 mai suna The Privileged Poor, kuma abin da ya gano yana da amfani ga duk mai wannan shawara. Ya raba ɗalibai talakawa gida biyu. Akwai waɗanda suka sami tallafi suka yi sakandare a makarantun 'ya'yan masu kuɗi, suka iso kwaleji sun riga sun saba da wannan duniya. Akwai kuma waɗanda suka fito kai tsaye daga makarantun gwamnati na unguwanninsu, waɗanda talauci da baƙunta suka haɗu musu. Aljihunsu ɗaya ne, amma zamansu ya sha bamban. Na farko ya san cewa sa'o'in da farfesa ke warewa a ofis domin ɗalibai ne su zo su yi hira, ya saba neman alfarma ba tare da jin kunya ba. Na biyu yana ganin zuwa ofishin malami damun babba ne ko neman suna, sai ya zauna a ɗaki yana fama shi kaɗai, alhali daga waɗannan hirarraki ne wasiƙun shaida da guraben bincike ke fitowa. Yaron da aka tarbiyyantar da kunya da kawaici a gaban manya zai gane kansa a nan, kuma yana da kyau a gaya masa tun kafin ya tafi cewa a wannan tsari ƙwanƙwasa ƙofar malami yana cikin karatun da aka biya. Jack ya kuma nuna yadda rufe ɗakunan cin abinci a lokacin hutu ke jefa ɗaliban da ba su da kuɗin tafiya gida cikin yunwa a makarantun da suka mallaki biliyoyin daloli.

Kwalejoji masu arziki kusan ɗaya sukan bambanta a inda suke zuba kuɗinsu. A zamanin shugabancin Catharine Bond Hill, daga 2006 zuwa 2016, Vassar ta daina duba aljihun masu nema 'yan ƙasa, ta kusan ninka yawan ɗalibanta marasa ƙarfi, har ta sami kyautar dala miliyan ɗaya ta gidauniyar Jack Kent Cooke a 2015. A 2016 marubuci Malcolm Gladwell ya kwatanta ta da Bowdoin, wadda ta yi suna wajen daɗin abinci, yana cewa kuɗin da ake kashewa a girki da an ba wa ɗalibai talakawa. Bowdoin ta mayar da martani mai zafi tana nuna irin tallafin da take bayarwa ba tare da bashi ba. Kwatancin ya yi tsauri, amma tambayar da ya tayar tana nan: kowane gini na alfarma da baƙo ya gani ranar ziyara zaɓi ne da makaranta ta yi a kan wani abu daban.

Halin kowane gida

Bayan kuɗi sai ɗabi'a, kuma a nan kwalejoji biyu masu daraja ɗaya za su iya zama kamar ƙasashe biyu. Babban abin dubawa shi ne ƙungiyoyin 'yan uwantaka na ɗalibai, masu sunayen haruffan Girka, waɗanda ke zaɓar mambobinsu, suna karɓar kuɗin shiga, kuma su ke riƙe da shagulgulan ƙarshen mako. Williams ta yanke shawarar kawar da su a 1962, Amherst da Colby a 1984, Bowdoin a ƙarshen shekarun 1990, na Swarthmore kuma suka rushe a 2019 bayan zanga-zangar ɗalibai. A Washington and Lee da ke Virginia kuwa mafi yawan ɗalibai suna cikinsu. Inda suke da ƙarfi, wanda ba ya shan giya ko ba shi da kuɗin shiga yakan sami kansa a gefe. Inda aka soke su ma, wani lokaci ƙungiyoyin wasanni ne ke gadar matsayinsu.

Wasu kwalejojin suna ɗauke da halin waɗanda suka kafa su. Haverford da Swarthmore mabiya ɗariƙar Quaker ne suka assasa su, masu ƙin nuna isa da alfahari, kuma a Haverford ɗalibai suna rubuta jarrabawa ba mai tsaro bisa alƙawarin amana da su da kansu ke kula da shi. Oberlin ta Ohio ta fara ɗaukar baƙaƙen fata a 1835 da mata a karatun digiri a 1837, har yau kuma an san ta da zafin fafutuka. Reed ta Oregon ta shahara da tsananin karatu. Wellesley da Smith da Mount Holyoke da Bryn Mawr na mata ne, Spelman da Morehouse a Atlanta kuma an kafa su ne domin baƙaƙen fata, a Morehouse ɗin Martin Luther King ya gama a 1948. Sai Berea a Kentucky, wadda ta juya lissafin gaba ɗaya. Masu yaƙi da bauta ne suka kafa ta a 1855, ba ta karɓar kuɗin karatu tun 1892, ba ta ɗaukar sai wanda gidansu ba shi da hali, kuma kowane ɗalibi yana aikin aƙalla sa'a goma a mako a gona ko ofis ko ɗakin girki ko wurin sana'ar hannu. A can babu wanda zai ji kunyar share ɗaki, domin kowa yana da nasa aikin.

Ga ɗalibi Musulmi, wurin da kwaleji take yana da nauyi na musamman. Tambayoyin a bayyane suke: ko akwai ɗakin salla, ko ana samun jam'in Juma'a, ko ɗakin cin abinci yana da naman halal, ko ana tanadin sahur da buɗa-baki a watan azumi, ko ana iya samun masauki na jinsi ɗaya, domin a makarantu da yawa maza da mata suna zama a bene ɗaya. Bates tana garin Lewiston na jihar Maine, inda 'yan Somaliya suka fara zama da yawa tun 2001, don haka akwai masallatai da shagunan halal a kusa. Macalester tana St. Paul ta jihar Minnesota, maƙwabciyar Minneapolis mai ɗimbin Musulmi. A Berkeley ta Kalifoniya akwai Zaytuna, ƙaramar kwalejin Musulunci mai bin wannan tsari na faɗaɗɗen ilimi, wadda ta sami amincewar hukumar tantance makarantu a 2015. Sanyi ma ba abin rainawa ba ne. Kofi Annan ya sha ba da labarin yadda ya ƙi sa abin rufe kunne a hunturunsa na farko a Minnesota don yana ganin munin sa, sai da kunnuwansa suka kusa daskarewa ya je ya sayo mafi girma da ya samu.

Yadda ake awo

Akwai ma'aunai da kowa zai iya dubawa kyauta. Mafi sauƙi shi ne kason ɗaliban da ke karɓar tallafin Pell, wanda gwamnatin tarayya ke bai wa 'yan ƙasa marasa ƙarfi, kuma mafi yawansa dala 7,395 ne a shekarar karatu ta 2024 zuwa 2025. A manyan ƙananan kwalejoji wannan kaso yana kamawa daga kusan ɗaya cikin goma zuwa kusan ɗaya cikin huɗu, kuma tazarar tana nufin ko ɗan talaka zai sami abokan da suka san halin da yake ciki ko zai zama shi kaɗai a bene. Sai kason waɗanda ba sa karɓar tallafi ko kaɗan, wanda a wurare da yawa ya kusa rabi. Sai yawan waɗanda ke dawowa shekara ta biyu da waɗanda ke kammalawa. Ana samun waɗannan a shafin College Scorecard na ma'aikatar ilimi da kuma bayanan shekara-shekara da makarantu ke wallafawa, kuma tun 2011 doka ta wajabta wa kowace kwaleji ta sa manhajar ƙiyasta ainihin abin da gida zai biya a shafinta. Abin da alƙaluma ba za su faɗa ba sai a tambayi ɗaliban da ke ciki, musamman masu karɓar tallafi: wa ke biyan littattafai da inshorar lafiya, ina ake kwana da ci a lokacin hutu, ko makaranta tana biyan ɗalibin da ya sami koyon aiki mara albashi, me ake yi daren Asabar idan mutum ba ya sha. Jaridar ɗalibai ta kowace kwaleji, wadda akasari tana intanet, ta fi ƙasidar talla faɗin gaskiya.

Ga ɗalibin da zai taso daga Kano ko Zinder ko Kumasi lissafin ya ƙara tsauri. Ba shi da haƙƙin tallafin Pell ko bashin gwamnatin Amurka, bizar karatu ba ta ba shi damar aiki fiye da sa'a 20 a mako a lokacin zangon karatu, kuma a 2025 gwamnatin Amurka ta tsaurara dokokin biza ga 'yan ƙasashen Afirka da dama. 'Yan Najeriya da ke karatu a Amurka sun haura 20,000 a shekarar 2023 zuwa 2024, amma kaɗan ne daga cikinsu ke irin waɗannan kwalejoji, duk da cewa wasunsu sun fi manyan jami'o'in gwamnati sakin hannu ga baƙi. Amherst da Bowdoin suna cikin 'yan tsirarun da ba sa duba aljihun baƙo wajen ba shi gurbi. Yawancin sauran suna dubawa, ko da za su cike masa gibin bayan sun ɗauke shi. Cibiyoyin EducationUSA a Abuja da Legas suna ba da shawara a kan haka. Wanda tsarin karatun ne ya burge shi, ba tafiyar ba, zai same shi a kusa: Patrick Awuah, tsohon ɗalibin Swarthmore, ya kafa jami'ar Ashesi a Gana a 2002 a kan wannan salo, kuma Jami'ar Amurka ta Najeriya da ke Yola ma a kansa aka gina ta.

Akwai ƙa'ida ɗaya da ta sha jefa iyalai cikin wahala. A kwalejoji da yawa, baƙon ɗalibin da bai nemi tallafi ba a lokacin da yake neman gurbi ba shi da damar nemansa daga baya, ko da darajar kuɗin ƙasarsa ta faɗi ko kasuwar mahaifinsa ta karye. Don haka ya kamata iyali su bayyana ainihin ƙarfinsu tun farko, su nemi ofishin tallafi ya rubuto musu abin da za su biya a kowace shekara cikin huɗun, haɗe da kuɗin jirgi da inshora da zaman hutu, kafin ranar 1 ga Mayu da yawancin kwalejoji suka tsayar don karɓar amsa.